Kwandon Inabi a Kafaɗar Kawu Mamuda

Shekara uku ke nan cif da rasuwar kawuna, Alhaji Mamuda, ƙanen mahaifiyata, wanda 'yan kasuwar Guangzhou suka fi sani da Alhaji Mai Jins. Na ce cif ne bisa lissafin watan Musulunci. A lissafin Turawa da sauran wata guda da 'yan kwanaki. Na so a ce wannan waiwaye na yabo ne da addu'a kawai, kamar yadda aka saba, amma wani hoto nasa da ke yawo a wayoyin mutane ya hana.

Kafin na shiga bayani, ya kamata mai karatu ya san a kan me na dogara. Na farko, abin da na gani da idona a wata tafiya da muka yi tare zuwa yankin Ningxia da ke arewa maso yammacin ƙasar Sin. Na biyu, wani ɗan littafin aljihu da nake rubuta abubuwa a ciki a lokacin, wanda ba kowace rana na cika shi ba. Na uku, hira biyu da na yi ta waya da Yunusa Ma, Musulmi ɗan ƙasar Sin, abokin marigayin, wanda shi ya kai mu garinsu. Ranar da muka tashi ba ta tabbata a wurina ba: littafin ya nuna kwana uku bayan ƙaramar Sallah ta 2008, Yunusa ya ce huɗu. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, ba kuma zan ambaci sunan kamfanin da zai shigo cikin labarin ba. Inda na ce na gani, na gani. Inda na ce an gaya mini, an gaya mini ne.

Wannan ita ce shekarar wasannin Olamfik. A Beijing aka yi su, nesa da mu ƙwarai, amma mu da ke unguwar Xiaobei ta Guangzhou mun ɗauki namu rabon na nauyinsu. Biza ta yi wuya. 'Yan Kano da ke zuwa sayen kaya suka ragu, waɗanda ke nan kuma kowa na tattalin takardunsa. A benen Tianxiu, inda ofishin Kawu yake, lif ɗin da ake turereniya a kansa sai ga shi mutum na hawa shi kaɗai. Ni kuwa na gama digiri a harshen Sinanci ke nan, ina yi masa tafinta da aikin takardu. Yakan kira ni Malam Sai-an-duba, domin duk abin da ya tambaye ni, ko da farashin maɓalli ne, ba na amsawa sai na koma na duba.

Sai na faɗi irin mutumin da yake, don a fahimci nauyin abin da ya biyo baya. Idan masu masana'antun wandon jins na garin Xintang suka gayyace mu cin abinci, al'adarsu ce a buɗe kwalba don a ƙulla ciniki. Kawu yakan kife ƙaramin kofin da aka ajiye masa, ya ɗaga na shayi, ya ce da murmushi, “Mei yo, laoban. Musulmi.” Wato babu, maigida. Na ga ciniki ya sha ruwa saboda wannan, bai kuwa damu ba. Na kuma ga ranar da ya hana wani mutum wuri a kwantenarsa, don mutumin ya ƙi yarda a buɗe katan biyu a ga abin da ke ciki.

A azumin shekarar ne zabibi ya shiga ransa. Akwai 'yan Xinjiang da ke tura baro a ƙasan gadar Xiaobei suna sayar da koren zabibi mai zaƙi, marar ƙwallo. Kullum sai ya saya don buɗa-baki. Da yake cinikin jins ya tsaya, ya fara tunanin kai zabibi Kano kafin azumi mai zuwa. Ana cikin haka Yunusa Ma, mai shagon taliyar da muke ci saboda ta halal ce, ya ambata cewa mahaifinsa manomin inabi ne a Ningxia, kuma zai je gida taya su girbi. Kawu ya buga tebur.

“Shi ke nan, Malam. Musulmi ne, inabi suke nomawa. Mu je mu ga zabibi daga tushe.”

Na duba littafina sau da yawa a kan wannan gaɓar. Yunusa inabi ya ce. Bai taɓa cewa zabibi ba. Mu ne muka ƙarasa masa maganar, domin a tunanin mutumin Kano, idan Musulmi ya noma inabi, to ko dai a ci ko a shanya.

Abin da ban sani ba a lokacin, na kuma sha wahalar karantawa daga baya, shi ne ƙasar Sin na cikin manyan ƙasashen da ke yin giyar inabi, kuma kowane yanki da abin da ake yi da amfaninsa. A Turpan ta Xinjiang, inda zafi da bushewa suka yi yawa, nan ne gidan zabibi, suna da ɗakunan shanya na tubali masu huji-huji don iska ta ratsa. A gabar tekun Shandong, wajen Yantai, an daɗe ana matsa inabi a yi giya, duk da cewa ruwan sama na damun gonakinsu. Haka ma wasu sassan Hebei, kusa da Beijing. Ita kuwa Ningxia, a gindin duwatsun Helan, ƙasa ce mai tsakuwa, rana mai ƙarfi, dare mai sanyi, ruwanta kuma daga Rawayen Kogi ake jawo shi. Masana sun ce irin wannan ƙasa ce masu giya ke nema. Da na san wannan sakin layi guda ɗaya a wancan lokacin, da ba mu hau jirgin ƙasa ba.

Kusan kwana biyu muka yi a hanya. Mahaifin Yunusa, tsoho mai farar hula da siririn gemu, ya tarye mu da sallama cikakkiya, ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. An ce mana Kawu ne baƙar fata na farko da ya yi sallah a ɗan masallacin ƙauyen. Mutanen ba 'yan asalin wurin ba ne. Daga wasu busassun tsaunuka na kudancin yankin aka kwaso su, inda ruwan sha ma gagara yake, aka ba su wannan fili. Suka yanka mana tunkiya, kuma daga yadda yaran gidan ke kallon kwanon na gane ba abin da aka saba ba ne.

Washegari da hantsi muka shiga gona. Layuka ne dogaye, kurangar inabin ɗaure a jikin waya, mata da ɗankwali suna yanka nonnan inabin da almakashi suna zubawa a kwandunan roba. Kawu ya tsinki ɗaya ya jefa a baki. 'Ya'yan ƙanana ne, baƙaƙe, kamar ɗinya. Ya tauna, ya tofar da ƙwallo a tafin hannu, ya dube shi.

“Zaƙi kam akwai. Amma wannan ai duk fata ne da ƙwallo. Yaya za a yi ya zama irin na ƙasan gada?”

“Sai an duba, Kawu,” na ce.

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce in tambayi Yunusa ina suke shanya. Na tambaya. Yunusa bai dube ni ba, ya ce ba sa shanya, kamfani ke zuwa ya ɗauka. Haka na fassara, ban ƙara ba, ban rage ba.

Kafin azahar motar kamfanin ta iso. A jikin ƙofarta akwai rubutu, manyan baƙaƙe jajaye, na kuma karanta shi sarai. Kamfanin giyar inabi ne. A nan ne laifina yake, kuma shi ne dalilin da ya sa ban yi wannan rubutu da wuri ba. Ban gaya wa Kawu ba. Na ce wa kaina mota ana iya hayarta, rubutun ƙofa ba hujja ba ce a kan inda kaya za su, bai kamata in ɗora wa masu masaukinmu magana mai nauyi haka ba sai na tabbatar. Halin nan da yake tsokanata da shi, shi ya rufe mini baki. Akwai kuma wani dalilin da ba na hujja ba: wata uku ban ga Kawu yana dariya irin ta wannan rana ba.

Ina tsaye ina wannan lissafi, shi kuwa ya riga ya naɗe hannun riga. Ya ga tsoho na kokawa da kwando, ya karɓe shi, ya saɓa a kafaɗa ya nufi mota. Kwando tara na ƙirga ya ɗauka. Wani ma'aikacin kamfanin da ya zo da kyamara ya yi ta ɗaukar sa hoto, Kawu yana washe baki yana cewa “Ni hao, ni hao,” wato sannu, sannu. Da aka gama lodi ya ɗaga hannu ya yi addu'a da ƙarfi, da Hausa, Allah ya sa albarka, Allah ya kawo kasuwa. A littafina na rubuta cewa tsohon bai ɗaga hannu ba. Yunusa ya ce ya ɗaga. Ban san wanda ya fi tunawa daidai a cikinmu ba.

Da la'asar tsohon ya ja hannun Kawu suka nufi ƙarshen gonar. Na tashi zan bi su, Kawu ya juyo.

“Zauna, Malam. Ni da tsohon nan ba ma buƙatarka.”

Sun yi kamar rabin awa. Daga inda nake ina hango tsohon yana ɗibar tsakuwa yana zubarwa, yana nuna kudu, yana nuna gidansa. Kawu na da Sinancin kasuwa, wanda bai wuce lissafi da gaisuwa da ciniki ba. Tsohon yana da 'yan kalmomin Larabci na sallah. Me za a iya faɗa da waɗannan? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Wata rana in ce ba komai, wata rana in ce komai.

A hanyar dawowa Kawu bai sake ambaton zabibi ba, har ya koma ga Allah. Abu ɗaya na rubuta daga bakinsa a cikin jirgi, yana kallon taga: “Ƙasar nan tasu ko gero ba za ta yi ba.”

Bayan kamar mako biyar ya ce mini zai koma Ningxia, shi da Yunusa kawai, ni in tsare ofis. Ya yi kwana goma. Ya dawo hannuwansa duk sun tsage, yana tari. Na tambaye shi me ya kai shi, ya ce, “Jana'izar itatuwa na je.” Ashe a can, saboda tsananin sanyin hunturu, idan aka bar kurangar inabi a tsaye bushewa take ta mutu. Don haka bayan girbi sai a kwance ta daga waya, a tanƙwara ta a hankali har ta kwanta a ƙasa, wani ya danne da ƙafa, wani ya bi da shebur yana rufe ta da ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, har gonar ta zama kunya-kunya ba ko ganye. Idan sanyi ya wuce a tono ta, a miƙar, a sake ɗaurewa. Aiki ne na ƙarfi, samarin ƙauyen kuma duk sun tafi birane.

“Tsoho ba zai iya shi kaɗai ba,” in ji Kawu. “Na yi masa alkawarin zan zo tonowa.”

Bai je ba. Tarin ya ƙi tafiya, ya haɗu da hawan jinin da dama yake fama da shi, ya tafi gida Kano, ya rasu bayan mako biyu da isarsa. Likita bai ce sanyin Ningxia ne sanadi ba, ni ma ba zan ce ba.

Bara ne hoton ya fito. An yi wani baje kolin abinci da abin sha a nan Guangzhou, wani ɗan kasuwarmu ya bi ta gaban rumfar kamfanin, sai ga Alhaji Mai Jins a kan ƙaton allo, da hularsa, da kwando a kafaɗa, gefensa hoton kwalba, ƙasa an rubuta cewa aboki ne daga Afirka. Mutumin ya ɗauka da waya. Hoton ya isa Kano kafin ni da ke gari ɗaya da allon in ji labari. A wurin mai shayi na ji, daga bakin Alhaji Issaka, wani ɗan Kumasi mai fitar da kaya, wanda bakinsa ba ya da birki.

“Malam Sai-an-duba! Ashe kawunka babban laoban ne a arewa, bai gaya mu ba? Mu yana hana mu kwantena, shi yana da gona!”

Aka yi dariya. Da ya ga fuskata ya ce wasa yake, Allah ya jiƙan Alhaji, ya biya mini kuɗin shayi. Amma ba kowa ne ya ɗauke shi wasa ba. Na rubuta wa kamfanin sau biyu, sun ba da haƙuri, sun sauke allon. Wanda ke cikin wayoyi ba mai sauke shi.

Akwai rijiyar burtsatse da Kawu ya haƙa a masallacin unguwarsu a Kano. Matarsa, Hajiya Rabi, ta kira ni a watan jiya ta ce yanzu wasu daga gida suke zuwa da ruwansu a buta, sun daina alwala da ruwan rijiyar, wai da kuɗin giya aka haƙa ta. Ta ce tana ganin su ta ƙofar gida, sau biyar a rana.

“Kai ka je da shi,” ta ce. “Ka rubuta a jarida cewa bai sani ba.”

“Hajiya, zan rubuta duk abin da na sani.”

“Ban ce duk abin da ka sani ba. Na ce ka rubuta bai sani ba. Wai kai ko a kan mamaci ma sai an duba?”

Muka ajiye waya a haka. Na sake kiran Yunusa, wanda yanzu ya rufe shagon taliya ya koma gida. Mahaifinsa ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na tambaye shi kai tsaye ko Kawu ya san maganar giyar. Ya ce, “Ban gaya masa ba. Bai tambaye ni ba.” Na ce to a zuwan na biyu fa, kwana goma a ƙauyen da kowa ya san inda inabi ke zuwa? Ya ce, “Shebur yake riƙewa, ba ya yawan magana.”

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga garin nan yau. Shagunan jar giya sun cika manyan kantuna, masu masana'antun da a da suke zuba farar giyar hatsi yanzu da jar suke alfahari, suna ambaton Ningxia kamar yadda ake ambaton garin da ya yi suna da turare. An ce gonakin gindin Helan sai faɗaɗa suke, kuma da yawa daga cikin hannuwan da ke binne kurangar suna tono ta hannuwa ne masu alwala. Xiaobei kuma ba ta koma yadda take ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka san halin Kawu sun tattara sun tafi, waɗanda suka zo bayansu hoton kawai suka sani. Ina jin da yana nan, da ya kalli hoton ya ce an ɗauke shi ta gefen da tumbinsa ya fito. Bayan dariyar kuma ban san me zai ce ba, a nan ne hasashena ke tsayawa kullum.

Hukunci ba nawa ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san maganar giya ba ta tsaya a kan mai sha ba, ta haɗa har da wanda ya ɗauka. Abin da zan iya dafa Alƙur'ani a kansa shi ne wannan. Duk takardar kasuwancin Alhaji Mamuda ta shekarunsa na ƙarshe ta bi ta hannuna, babu inabi a ciki, babu kwalba, babu hannun jari a wata gona. Ba a biya shi don hoton ba, ba a ma nemi izininsa ba. Rijiyar masallaci kuwa an haƙa ta shekara biyu kafin ya taka Ningxia, daga cinikin wandon jins. Masu zuwa da buta daga gida, ku ji tsoron Allah, ku koma ku yi alwala da ruwan nan. Shi ne abin da ya rage masa yana gudana.

Saura abu ɗaya, wanda Hajiya ta roƙa. Idan bai sani ba, to nauyin kwandunan nan tara a kaina yake, ni da na karanta ƙofar mota na yi shiru, kuma wallahi da na samu tabbaci da na karɓi wannan da hannu biyu, in huta, ita ma ta huta. Idan kuwa ya sani, to mutumin da ke kife kofi a Xintang ya ga wani abu a ƙarshen gonar nan da ya mayar da shi cikin sanyi ya riƙe wa tsoho shebur, bai kuma ga ya dace ya gaya wa kowa ba. Na lura cewa wannan amsa ta biyu tana rage mini laifi, shi ya sa nake tuhumar kaina duk lokacin da zuciyata ta karkata gare ta.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamuda, ya yafe masa abin da ya sani da abin da bai sani ba, ya yafe mini shirun da na yi. Hajiya, ki yi haƙuri, iyakar abin da na iya tabbatarwa ke nan. Na duba littafina, na tambayi wanda ya rage a raye, na yi shekara uku ina tuna fuskarsa a tagar jirgin nan, amma har yau ban san amsar ba: ranar da Kawu ya koma binne kurangar inabin, ya san abin da ake yi da 'ya'yanta, ko bai sani ba?